Ranar da Iya Ta Zo Lakwal

Iya, mahaifiyar babanmu, daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi aka auro ta. Ta fi shekara arba'in a Jibiya, amma harshenta bai taɓa tsallako iyaka ba. Mu ma 'yan garin da "tahi" da "lahiya" muka tashi, sai dai nata ya fi namu kauri, ga kalmomin Faransanci da take tsarmawa. Makaranta a bakinta lakwal ce, malamin makaranta kuwa Mushe.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne. Babanmu ya jingine fartanya ya zama direban gingimari, yana kai sukari da atamfa Maraɗi, yana dawowa da wake. Gidaje suka fara sauya jinka da kwano. Makarantarmu ta cika har ana karatu a gindin darbejiya. Komai na sauyawa, ban da murhun Iya. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tura sauran garwashin gefe, ta binne gyaɗa a toka, mu jikokinta mu kewaye ta. Ni take fara nema, don ni ne "maigidanta", kamar yadda kaka ke tsokanar jikanta namiji. Sai ta ce baƙuwa ta iso, mu ce a ba ta ruwa, tatsuniya ta fara.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta ɗan tsuntsun fadama. Uwarsa na da 'ya'ya bakwai a cikin ciyawa, kowa da irin kukan gidansu. Shi ƙaramin sai ya riƙa zuwa kasuwar tsuntsaye, yana jin kukan gida ya yi masa ƙauyanci. Ya koyi na kurciya, ya koyi na kanari, ya koyi na hazbiya, har nasa ya ɓace masa. Wata rana hadari ya haɗo, fadama ta fara cika, uwar ta tashi sama tana kiran 'ya'yanta. A nan Iya ke lumshe ido ta rera:

"Ɗiyana, ɗiyana, ku taho gida, ruwa ya hwaɗi gabas."

Shida suka amsa da kukan gida, ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ya amsa da na kurciya, ta wuce. Ya amsa da na kanari, ta wuce. Har ruwa ya rufe ciyawar tana shawagi a kansa, ba ta san shi ne ba. Ƙanwata Ladi kullum sai ta yi kuka a wannan gaɓar, Iya ta ɓare mata gyaɗa ta rarrashe ta.

Ina aji huɗu aka kawo mana sabon ɗalibi, Nasiru, ɗan wani jami'in kwastan da aka yi wa canjin aiki daga Kano. Yana da takalmi sau ciki da agogo, Hausarsa kuma irin ta cikin littafi ce. Malaminmu yakan tashe shi ya karanta mana don mu ji yadda ake faɗin "fari" ba "hwari" ba. Na so yaron nan ya zama abokina fiye da yadda na taɓa son wani abu. Ba ni da agogo, ba ni da ƙwallo, amma na iya kwaikwayon murya. Da na lura kwaikwayon Iya na sa shi dariya, sai ya zama sana'ata a lokacin hutun tara.

Ranar da abin ya faru, na tashi daga zazzaɓi ne, na fice da safe ban ci komai ba. Da aka fita tara, yara suka taru a gindin darbejiya, Nasiru ya ce in yi musu ta tsuntsu. Na tuɓe rigata na ɗaura a ka kamar ɗankwali, na duƙa, na lumshe ido, na ja "hwaɗi" ɗin nan har yara na faɗuwa ƙasa. Ina cikin yi na ji dariyar ta sauya. Na buɗe ido, sai ga Iya tsaye a bayan yaran, da kwanon sha rufe da faifai a hannunta. Ta tako tun daga unguwarmu da ciwon gwiwarta. Ashe a bakin ƙofa ta tambayi wasu yara ina Mushe yake, su kuma suka biyo ta suna cewa ga tsohuwa na neman mushen jaki.

Nasiru ya tambaye ni ko na san ta. Zan iya cewa kakata ce, ba abin da zai same ni sai dariyar yini ɗaya. Sai na ji bakina ya ce wata tsohuwa ce daga Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin, tana yi mana surfe.

Na san ta ji, don tazarar ba ta kai taku biyar ba. Ta dube ni, da rigar har yanzu a kaina. Sannan ta matso, ta ɗan rusuna, ta ajiye kwanon a gabana.

"Ɗan masu gida, ga kalacinka. An ce ka sha da zahi."

Ta juya ta tafi a hankali. Kunun tsamiya ne, wanda ita kaɗai ke dama mini in ba ni da lafiya. Nasiru ya ce mai aikinmu na da ladabi. Na kasa sha, na kasa zubarwa, na bar kwanon a ƙarƙashin benci har aka tashi.

Da yamma na yi ta jiran a kira ni. Na tabbata za ta gaya wa babanmu, na ma fi son a zane ni a wuce wurin. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta binne gyaɗa, ta ce ina maigidanta, ta matsa mini wuri kusa da ita kamar kullum. Ladi ta roƙi ta tsuntsu, Iya ta ce muryarta ta dushe, a yi wata. Washegari ma haka. Ta ci gaba da ba mu tatsuniyoyi har muka girma, amma wannan ba mu sake jin ta ba. Ladi ta daɗe tana tambayar dalili, ni kuwa in sunkuyar da kai in yi ta tona toka.

Nasiru bai cika shekara ba aka mayar da babansa wani gari. Ni kuma sai da na shiga kwalejin horon malamai a Katsina, na zo hutu, sannan na iya buɗe baki. Na same ta tana gyaran zogale, na durƙusa na fara kame-kame. Ta bar ni na kai ƙarshe, ta ce ita ba ta tuna ta taɓa zuwa lakwal ba.

"Amma in ma an yi," ta ce, "yaro ne cikin abokansa. In na ce ni ce kakarka, da wane ido za ka koma aji?"

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga 'ya'ya, kada su yar da na gida. Sai da na haifi nawa na fara tunanin uwar, wadda ta rasa ɗa alhali yana ƙarƙashin fiffikenta. Iya ta san muryata ko da na ari ta wani, ita ce ma ta ari ta 'yar aiki don kada in ji kunya. Ta rasu ina shekarar ƙarshe a kwaleji. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na hukunta yara a kan ƙarya ba adadi, kuma ba na jin akwai ɗaya a cikinsu da ya yi wadda ta kai tawa.