Keken da ya sa aka ce Yaya Hamisu ya karye

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Hamisu mai atamfa, kuma har gobe idan aka ambace shi a babbar kasuwar Garwa sai wani ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, mutumin kirki, sai dai a ƙarshe ya karye." Na gaji da gyara wannan magana. Waɗanda suka san gaskiyarta sun tafi ɗaya bayan ɗaya, matarsa ta koma wurin danginta a Yola, 'ya'yansa suna Duwala. Ni kaɗai na rage a shagon, sai kekensa da ke rataye a bangon ciki.

Abin ya faro ne daga ƙwaryar ruwa. Yaya yakan kai kaya kasuwannin ƙauyukan kan dutse, gaba da Mokolo. Wata rana wata mai sayen kayansa, Rebeka, ta kawo masa ruwan baƙo mai kalar kunu, tana ta ba shi haƙuri, wai tun asuba take tonon yashi a busasshen rafi kafin ta samu wannan. Ya shanye tas, don ba a mayar wa mutum ruwan da ya tarbe ka da shi. Ya dawo gida ya yi kwanaki yana fama da ciki, amma ba cikinsa ya dame shi ba. Abin da ya yi ta maimaitawa shi ne, yaranta shi suke sha kullum.

Ya fara zagaya abokan kasuwa yana neman gudummawar haƙa rijiyar burtsatse, wadda a nan muke kira foraj. Addu'a ya samu da yawa. Ana haka ya ji wasu samari suna shirin tuƙa keke daga Ngawundere zuwa Maruwa don tara kuɗin ruwa, sai ya ce da shi za a yi. Mutumin da ya haura hamsin, ga tumbi, ga mota a gida da moto biyu, wato babur, ya sayi keke ya riƙa zuwa kasuwa a kai, ya cusa ƙafar wando cikin safa, wai yana koya wa jikinsa wahala.

To, wanda bai san Garwa ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A garin da ɗan aike ma moto yake hawa, babban ɗan kasuwa bisa keke fassara ɗaya gare shi: jari ya ƙare. Mu kuma tun kakanninmu da suka zo fatauci daga Kano da Katsina, idan ɗayanmu ya faɗi ba a tambayarsa. Bayan azahar za ka zo ka gaishe shi, ku taɓa hirar zafin gari, ka tura abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin tabarma, ka yi sallama. Mutanen da suka sallame shi da addu'a su ne yanzu suke layi a bakin shagonmu.

Ina zaune ya ce wa Alhaji Sule mai goro, wanda ya girme mu duka, "Alhaji, ka sani fa kuɗin nan a rijiya zan sa shi, ni lafiyata ƙalau."

"Mun ji, Hamisu, rijiya ce," in ji dattijon, yana kallon ƙasa. "Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ya fito da motar ko na mako guda ne, ya rufe bakin mutane, don sunan gidanmu ake ja a ƙasa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Kowa na faɗa masa gaskiya, shi ya zaɓi abin da zai ji. In sunana ne kuɗin ruwan, ai an yi mana araha."

Da ranar tafiya ta zo, ni na bi shi da samarin a mota da jarkokin ruwa. Ina tuna gangaren Ngawundere da manyan motoci suna wuce su da ƙaho, da kwaltar da ke turiri bayan gadar Binuwai. Kullum shi ne na ƙarshe. Samarin suna kiransa Papa, suna jiransa a inuwar darbejiya, shi kuma yana isowa zai ce musu ya tsaya duba hanya ne. Da muka shiga Maruwa sai da mutum biyu suka riƙe keken kafin ya iya sauka. Damina na tsakiya zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu injin haƙa bai kai ga ruwa ba. Bai taɓa ɗanɗana shi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samari suna irin wannan tafiya har yanzu, cikin matsattsun kaya, kowane zango sai an ɗauki hoto a waya. Na san zai tsokane su, kuma zai ba su abin da ke aljihunsa. Abin da zai ƙona masa rai shi ne famfunan da na gani a gefen hanya, hannu ya karye, an mayar da su turken awaki. Su suka hana ni sukuni bana. Na ce idan nasa ma ya mutu, to an yi asarar sunan an yi asarar ruwan, ba abin da ya rage sai tsatsar da ke bangon shagona.

Watan jiya na rufe shago na tafi ƙauyen su Rebeka ni kaɗai. Rebeka ta rasu, aka ce mini. Famfon yana nan ƙarƙashin wata tsamiya, an ɗaure hannunsa da robar taya, mata suna bugawa yana zuba. Wata matashiya da goyo, ganin baƙo, ta ɗauraye ƙwarya ta miƙo mini. Ina ganin gindin ƙwaryar ta cikin ruwan. Na tambaye ta wa ya haƙa musu.

"Wani Bahaushe ne, Baba, ban san sunansa ba," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Iyayenmu sun ce talaka ne, ko moto ba shi da shi. Da keke ya yi ta yawo har ya samo mana."

Na buɗe baki zan gyara, kamar yadda na saba shekara tara, sai na ga babu abin gyarawa a nan. Na zauna a kan dutse na shanye ruwan tas, kamar yadda ya shanye nasu. Sannan na roƙe ta ta ƙaro mini, na ce akwai wani da bai samu zuwa ba. Allah ya jiƙan Yaya Hamisu, ya shayar da shi.