Hajiya ta ɗaure eriyoyin rauta

Ina shiga falo na tarar Hajiya, mahaifiyata, ta ɗaure eriyoyi huɗu na sabuwar rautar wayfai, wato na'urar intanet ta gida, da zaren buhun goro. Ashe shi ya sa kiran bidiyo daga Kano yake ta tsinkewa, ga ta tana ɗokin ganin sabuwar jikarta!

"Hajiya, me ya yi zafi?"

"Tsohuwar rautar, eriya ɗaya gare ta. Waɗannan kowa ya kama gabansa, ni ba na son rarrabuwa."

Na kwance zaren, na ce kowacce daga ɓangarenta take kamo saƙo, sannan su haɗa. Nan take fuskar jaririyar ta fito tar.

Hajiya ta ce, "Kamar ku ke nan."

Mu huɗu ta haifa, ni kaɗai na rage a unguwarmu ta Sabo, sauran kowa da garin da yake. Ku fa, me iyayenku suka taɓa yi wa na'ura?