Hoton Kaka da Hanjin Ragon Layya

Ranar Babbar Sallah ce, shekarar da na shiga aji biyar a firamare a Azare. Ina tsugune a inuwar rumfa ina zuba wa Kaka ruwa, tana wanke kayan cikin ragon layya. Tun ina ƙarama ba aikin da nake ƙyama kamar wannan: warin tumbi in an farke shi, da ƙazantar da ake tatsowa daga hanji, da ƙudajen da ke tashi daga kai su sauka a leɓen mutum.

Muna cikin haka Baba ya yi sallama, ya shigo da Malam Bukar mai hoto. Kaka ba ta taɓa yin hoto ba, ga shi jiki ya fara ƙi, shi ya sa Baba ya matsu. Ta ce, "In bar hanji ya yi wari, in zauna kamar gunki?" Malam Bukar ya ce, "Hajiya, ba sai kin zauna ba. Fim ɗin nan mai sauri ne, ko a inuwa tsuntsu ya gilma sai ya kama shi." Na ruga ɗauko mata mayafinta na Sallah, kafin in dawo har ya ɗauka.

Bayan mako biyu aka wanko hoton daga Kano, kuma bawan Allah bai yi ƙarya ba. Ga koren ruwan tumbi yana zuba ta tsakanin yatsunta, ga jini a zaninta, ga ƙudaje tsaye cak a iska, fuskarta kuma duk dishi-dishi kamar an watsa mata tsaki. Na kasa cin tuwo ranar. Matar da ba ta rabuwa da turaren wuta, a ce haka za a tuna da ita? Inna ta cusa shi ƙasan akwati, Baba ya ce a bari sai Sallah ta zagayo a sake wani. Kaka ba ta ga azumi ba, Allah ya jiƙanta.

Yanzu 'ya'yana sukan ɗauki hoto barkatai a waya, su goge wanda bai yi musu ba. Ni kuwa wannan kaɗai gare ni. Har yau in na ɗauko shi sai na sa tafin hannu na rufe ƙasansa, kamar warin zai taso. A saman hannuna kuwa, Kaka ce take dariya.