Ruwan da Na Ƙi Saki

A shekara ta biyu ta fari ne, wadda gero ya kai gwiwa ya tsaya. Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni, a bakin gulbi, amma a shekarun nan sai yashi kake gani shimfiɗe, da ɗan siririn ruwa a tsakiya wanda awaki ke tsallakewa. Ɗiyata tana wata bakwai. Kullum da safe sai na fita tsakar gida na dubi gabas, in dawo ɗaki in matsa nonona in ga ko yana nan.

Da ta tabbata gero ba zai yi ba, maigidana ya ce zai tafi Gusau neman aikin ƙarfi. Kafin ya tafi ya dasa tumatir. Akwai wani kwari a gindin fadamarmu wanda a da ba a dasa komai cikinsa sai damina ta wuce, don nan ruwan gulbi ke fara kwanciya in ya cika. To shekara biyu ruwa bai leƙo wurin ba, kuma nan kaɗai ƙasa ke da sauran laima, sai mutane suka gangara. Maigidana ya yi fangali goma sha biyu, wato ƴan filayen nan masu kusurwa huɗu da ake zuba wa ruwa, ya tada wa kowanne gefe mai tsawo ya daddaɓe, don ko ɗigo kada ya tsere. Ya tona ƴar rijiya a cikin yashi.

Ranar tafiyarsa, yana ɗaure buhun kayansa, bai dube ni ba ya ce, "In tumatirin ga ya kama, za ni dawowa in yi rani gida. In bai kama ba, ba abin da za ni zama in ci."

Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa yin rani a gida ba.

Inna, mahaifiyarsa, gwiwa ta hana ta nisa, don haka lambun ya zama nawa. Safe da la'asar nake zuwa, goyo a baya, guga a hannu. Na san kowane tushe. Na san wanda ya fi saurin yaushi, na san guda biyun da ke kusa da rijiya masu ƙiba. In na taɓa ganyen, warin nan nasa mai kaifi yakan bi ni har gida, har ɗiyata ta riƙa juya kai in na ba ta nono.

Sama da mu, a kan tudu, akwai lambun wani dattijo, ƙanen kakan maigidana. Shi kaɗai ya ƙi gangarowa kwari, yana ta wahalar jan ruwa da jigo, mutane na yi masa dariya. Da yake jikansa nake aure, wasa ke tsakaninmu. In ya hango ni sai ya ɗaga murya.

"Matata! Wancan ragon ya gudu ya bar ki da guga? Ki dawo ɗakina, ni ba ni zuwa ko'ina."

"Ina za ka iya zuwa, Tsoho? Ko masallaci sai ka huta sau biyu."

"Awo, amma kullum ina gida."

Nakan yi dariya, amma maganar takan zauna mini.

Wata safiya ina gangarowa na ji wani irin ƙugi daga gabas. Sama tas, babu ko ƙyallen gajimare. Sai ga yara a guje suna cewa gulbi ya kawo. Ashe can sama, wajen ƙasar Zamfara, aka kwana biyu ana ruwa, mu ko yayyafi ba mu gani ba. Ruwan ya zo ja, da kumfa, da karan dawar wasu mutane da ba mu sani ba. Mata suka yi ta guɗa. Wata tsohuwa ta durƙusa ta ɗiba ta wanke fuska tana kuka. Kafin azahar ya haura kwari ya shiga lambuna.

Washegari gulbin ya janye. Amma a lambunmu ruwan bai tafi ba, don gefen da maigidana ya daddaɓe ya riƙe shi. Kowane fangali ya zama ɗan tafki, ruwa ya kai taƙi guda a jikin karan tumatir. Na tsaya ina kallo, ƙirjina ya yi sanyi. Na ce Allah ya ɗauke mini jan guga na kwanaki.

Tsoho ya gangaro yana dogara sanda.

"Kawo hauya ki hwasa gefen ga, ruwan shi hita."

"In kori ruwa? Shekarar ga?"

"Ki kore shi."

"Wata nawa muna roƙo, har dabbobi aka hitar da su filin Idi. Allah ya kawo har cikin lambu, in sa hauya in ce ba ni so?"

"Ke, matar ga, ba a kai ki makarantar lambu ba."

"Kai da aka kai, ga ka can tudu kana jan jigo."

Ya yi dariya ya koma. Maƙwabtan lambu ma babu wanda ya fasa nasa. Wani har ƙara liƙe inda ya tsage ya yi. Duk wanda ya ga fari biyu a jere ba ya iya kallon ruwa yana tafiya.

A rana ta uku ganyen ya sunkuya. Abin ya ɗaure mini kai: ga su tsaye cikin ruwa, ga su kamar masu ƙishi. Na lura dai ba irin yaushin da na sani ba ne. Na ƙishi laushi yake yi, kamar tsumma. Wannan kuwa reshen ganyen ne ya lanƙwasa ƙasa da ƙarfinsa, in ka ɗaga shi ya koma. Na ƙasan sun fara rawaya. Lakar tana wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na ga duk wannan da idona, amma abin da kaina ya ba ni shi ne rana ta dafa ruwan. Sai na ja mai sanyi daga rijiya na ƙara musu.

Ranar ta zo daidai da kasuwar Sabon Birni. Waya ɗaya ce a gidanmu, ranar kasuwa ake ba mai babur ya kai ta caji, da la'asar in hau tudun bayan gari inda ake samun magana. Maigidana ya kira. Bayan gaisuwa ya tambayi Inna, ya tambayi yarinya, sannan ya ce, "Lambu hwa?"

Na gaya masa gulbi ya shiga, ganye ya sunkuya.

Ina jin ƙarar injin niƙa a bayansa.

"Akwai mutanen da za su Kurmi, gonar koko," ya ce. "Bayan kasuwa mai zuwa motarsu za ta tashi. Sun ce akwai wuri."

Na san masu zuwa Kurmi. Wanda ya yi saurin dawowa shi ne mai shekara guda.

"Ki duba mini lambun," ya ce. "Ran kasuwa ki hwaɗa mini abin da kin ka gani."

Da sassafe na koma. Sai na ga wani sabon abu: a jikin kara, daidai saman inda ruwa ya tsaya, wasu ƙuraje farare sun fito jere, karan kuma ya kumbura a wurin. Na ce cuta ce, ko ƙwan wani ƙwaro. Na shiga ruwan na tsuguna, goyona na ta mutsu-mutsu, na fara kankare su da farce, tushe bayan tushe. Na gama fangali guda na shiga na biyu sai na ji sanda ta daki gefen da ke kusa da ni.

"Mi kike yi?"

Ban taɓa jin muryar Tsoho haka ba, babu wasa a ciki.

"Cuta ta kama su."

"Tumɓuko mini guda."

Na tumɓuke ɗaya daga cikin waɗanda na kankare. Ya fito ba gardama. Saiwar da na sani fara ce, wannan ta yi baƙi-baƙi, tana yauƙi, ina taɓa ta tana saluɓewa.

"Kin gani? Ta ƙasa ta mutu. Saiwa tana shan iska kamar ni da ke. Ɗiyar ga taki, in mura ta toshe mata hanci, kin ka sa mata nono a baki, tana sha?"

"Ba ta sha. Sai ta saki ta yi kuka."

"To ga shi nan. Ruwa har wuya, ba shi iya sha." Ya nuna ƙurajen da bakin sanda. "Waɗanga kuwa sabbin saiwoyi ne. Ya ga ta ƙasa ta tahi, shina hitar da wasu a sama inda iska take. Shi yana neman hanyar tsira, ke kina bi kina kankarewa."

Na dubi farcena, duk koren ruwan kara. Kuka ya zo mini.

"Kukan bari sai an jima. Ina hauya?"

Ni na fasa da hannuna. Fangali goma sha biyu, kowanne na sare gefensa ta wajen gangare. Ruwan ya tattaru ya bi ƴar hanya ya nufi yashin gulbi, yashin ya shanye shi ina kallo. Wata maƙwabciya da ke wucewa ta riƙe baki ta ce, "Lahaula! Ɗiyar mutane ta zautu." Ni ma ban tabbata ba ta yi gaskiya ba.

Tsoho ya ce a bar lakar ta sha iska kwana guda, sannan a ɗebo busasshiyar ƙasa mai yashi-yashi daga tudu, a tara a gindin kowane tushe har ta rufe ƙurajen, don sabbin saiwoyin su sami abin kamawa. Kada a daddaɓe. Kada a ba su ruwa sai ƙasar ta nema. Kwana biyu ina jigilar ƙasa da kwano a kai. A rana ta biyu na ɗago sai ga Inna zaune a gefen lambu, ban san yadda ta gangaro da gwiwar nan ba. Ta ce, "Kwanto mini ita." Ta riƙe yarinyar har na gama.

Sai jira. Ban taɓa kallon wani abu kamar yadda na kalli tumatirin nan ba. Fangali biyun da na kankare suka fara bushewa. Na can ƙarshen kwari, inda ruwa ya fi zurfi, suka bi su. Sauran suka zubar da ganyen ƙasa, suka tsaya tsirara, ba su mutu ba, ba su tashi ba. Kowace safiya nakan tone gefen tarin ƙasar da ɗan yatsa a hankali. A kwana na huɗu na ga ƙurajen sun tsage, fararen zare sun fito, gajeru, masu kauri, sun fara nutsa cikin ƙasar da na ɗebo. Na mayar na rufe. Na je na gaba na tona. Tsoho daga tudu ya ce in na ƙara tonawa zai kai ƙarata wurin mai gari, a raba aurenmu.

Ranar kasuwa, ina ɗaura mayafi zan hau tudu, Inna ta kira ni ɗakinta.

"Ki ce mishi duk sun tashi."

"Inna, ba duka ba ne."

"Na sani. In ya zo ya zo."

Na tafi da maganar a bakina, ina maimaita ta a hanya. Amma da na ji muryarsa sai na kasa. Na tuna shi ne zai tsaya a gaban lambun nan ya ga abin da ya bar mota dominsa. Na gaya masa na riƙe ruwa kwana uku, na ƙara wani a kai, na kankare saiwar fangali biyu da hannuna. Na ce bakwai sun tafi. Biyar suna nan, ba ganye sosai, amma sun fitar da saiwa ta sama.

"Tohon da ke bisa kansu," ya ce, "sama yake kallo ko ƙasa?"

Na rufe ido na dubo su ɗaya bayan ɗaya.

"Sama. Tun shekaranjiya."

"To," ya ce. Wayar ta yanke, ko shi ya kashe, har yau ban tambaya ba.

Kwana uku ban san ko yana hanyar Kurmi ba. A na huɗu, da hantsi, ina tsugune ina cire ciyawa, sai na ga inuwar mutum ta faɗo kan fangali. Maigidana ne, ko gida bai biya ba, buhunsa na kafaɗa. Ya rame. Ya ajiye buhun ya tsuguna, ya tona gindin tushe ɗaya da yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Ƙasar ta yi kaɗan," ya ce. "Ina kwanon?"

Tumatirin bai yi tsawo ba, ƴaƴansa ƙanana masu tsami. Mun ci, ya kai kasuwa, na yanka saura na shanya kauɗa a kan zana. A wuraren bakwai ɗin da suka mutu ya dasa albasa. Ranin nan duka a gida ya yi shi. A gabansa ɗiyata ta fara rarrafe, a gefen rijiya, ta cika baki da yashi, ya sa yatsa yana kwakulowa yana yi mata faɗa kamar babba. Da la'asar shi ke jan ruwa ni ina bi ina buɗe hanya, ba ma wata magana mai yawa.

Damina ta gaba ma ba ta yi ba, ya bi motar Kurmi. Yanzu ina cikin garin Isa wurin yayata, yarinyar ta fara zuwa makaranta. Rani guda ke nan da muka taɓa yi tare, kuma fangali biyar suka ba ni shi.