Ranar da Keith Trembath Ya Sauko da Bulalar Gaske

Keith Trembath ɗan makiyaya ne a tsaunukan tsibirin Tasmaniya. Ubansa mashayi ne mai saurin hannu, da linzamin doki yake dukansu, har Keith ya girma da kunne ɗaya a kurmance. Ya yi aski wa tumaki, ya yi aiki a mayanka har gwiwarsa ta gaza. Bai yi aure ba. Abokin zamansa kawai karyar kiwonsa ce, Tuppence.

Da aka buɗe ƙauyen tarihi na Glenarrow a bayan garinmu, inda muke sa tufafin kakanni muna nuna wa baƙi zaman da, sai aka ɗauke shi. Ni nake gasa burodi a murhun ƙauyen. Shi kuwa, saboda girman jikinsa, aka ba shi aikin mai yi wa fursunoni bulala. Bulalar ta ulu ce, ana tsoma ta a jan rini. Fursunan da ake ɗaurewa a jikin katako kuma Lindsay Hocking ne, mijin ƙanwarsa Noelene, mutum mai surutu kamar rediyo.

"Kai, suruki, sosa min ta hagu mana," in ji Lindsay a hankali, sannan ya kurma ihu don baƙi.

"Rufe baki, ɓarawon akuya," Keith zai ce. Haka suka yi shekaru.

Wani lokacin haihuwar tumaki, Tuppence ta tsallaka shingen Lindsay, ta yayyaga 'yan raguna biyu. Lindsay bai kira kowa ba. Ya harbe ta a ciki, bai ƙarasa ta ba, ya rataye ta a wayar shingen. Keith ya same ta tana shure-shure. Shi ya ƙarasa ta da dutse.

Ranar Asabar ƙauyen ya cika da baƙi, ga ƙamshin nama da hayaƙi. Lindsay ya zo yana cin burodina.

"Keith, kada ka ɗaure min fuska. Doka ta ba ni dama. Zan samo maka ɗan kwikwiyo."

Keith ya juya ya tafi. Na gan shi ya shiga maƙerar ƙauyen mai yoyon rufi, inda bulalar gaske take rataye don kallo, ta fata mai harsuna da ƙulli, amma ban kawo komai a raina ba.

Aka buga ganga, aka ɗaure hannuwan Lindsay. Bugun farko na ji shi har murhu, ƙara ce irin ta tsagewar itace. Rigar ta rabe, fatar ta bi ta. Lindsay ya yi wani ihu da ban taɓa ji ba, baƙi suka yi tafi.

"Keith! Don Allah, Keith! Da gaske kake yi!"

Wani mai kyamara ya ce wa matarsa, "Kai, mutumin nan ya iya wasa!"

Keith ya ci gaba, fuskarsa ba fushi, kamar mai faskare. Jini ya fantsama wa wata mata a gaban riga, ta shafa, ta sansana, sai ta kwarma ihu. Jikin Lindsay ya riga ya saki, igiya ce ke riƙe da shi. Na suri dogon ƙarfen da nake fito da burodi da shi, na ruga, na maka wa Keith a hannu. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Bulalar ta faɗi.

Ya dube ni ya ce, "Maureen, ai kin karya ni." Sai ya zauna a ƙasa yana jiran 'yan sanda.

An ɗinke bayan Lindsay, amma har yau ba ya iya ɗaga hannunsa na dama sama da kafaɗa. Keith ya yi zaman kurkuku. Hukumar ƙauyen ta soke wasan bulala, ta sa gasar tatsar nono a gurbinsa.

Da ya fito, Noelene ta ƙi ganinsa. Ya koma gabar yamma, yana gyaran raga wa masu kamun kifi da hannun da bai miƙe daidai ba. Bara na je wajen 'yata a can, na hango shi a bakin tashar jiragen ruwa, ya tsufa, yana cin soyayyen kifi a takarda. Ya matsa min wuri a benci, ya tambaye ni ko an gyara rufin maƙera.