Iya da Turancin Mijinta

Shekara goma sha biyu ke nan da Allah Ya yi wa mahaifiyarmu, Hajiya Dije, rasuwa a gidanmu da ke kusa da Kusugu. Mu dai Iya muke ce mata. Har yau in na ji muryar matar nan ta cikin waya tana cewa lambar da na kira a kashe take, sai dariya ta zo mini, hawaye ya biyo baya, don wannan matar ita ce malamar Iya ta farko a Turanci.

Ga yadda abin ya faro. Yaya Sale, ɗan farin Iya, aiki ya kai shi Fatakwal, ya yi aure can, aka haifa masa Kamal. Yaron ya tashi ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Hausa. Iya kuwa mutuniyar da ce, ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta hira da shi. "Mutumin Fatakwal" take ce masa, in ya gaishe ta ta amsa tana kallon bango. Duk son da kunya ta hana ta nuna wa ɗan, jikan ta tanadar wa. Kowa ya san kaka da jika: shi ne miji, ita ce mata, a yi ta tsiya har a gaji.

Sai ga miji ya zo hutun Sallah, yana ɗan shekara shida. Iya ta tare shi da cewa wane irin maigida ne wannan, ya shigo ko goro babu. Yaro bai gane ko kalma ɗaya ba. Uban ba shi da bakin fassarawa, don ba za ta yi wasa ta bakin ɗan fari ba. Ni auta na fassara, amma kafin magana ta je ta dawo ta huce. Kamal ya laɓe bayan uwarsa har suka koma. Ranar na ga Iya ta yi kuka, ta ce tana tsoron ta mutu jikanta yana ɗaukarta baƙuwa.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, wayar hannu kuma ta fara shigowa Daura. Yaya ya aiko mata da guda. Iya, wadda ko aji ɗaya na boko ba ta taɓa shiga ba, ta maida ita makaranta. Da gangan take sa in kira mata lambar da muka san a kashe take, ta kasa kunne, ta maimaita abin da "ƙawarta Baturiya" ta faɗa. In an gama labaran Hausa a rediyo ba ta kashewa, sai ta zauna ta ji na Turanci, ta tsinci kalma ɗaya ko biyu ta ajiye mini tambaya. In an kawo wuta, ga ta gaban talabijin tana kallon shirin yara, carbi a hannu. Maƙwabta suka yi ta zolayarta cewa za ta zama gwamna. Ta ce gemu ba ya hana ilimi, balle ita da ba ta da shi.

Duk Juma'a sai ta sa a kira Kamal. Da farko gaisuwa ce kawai, daga baya har tana tambayarsa abin da ya ci. Turancin nata a karye yake, ba na musu, amma nata ne, ba aro ba.

Da suka sake zuwa, tun daga zaure ta tare shi. Da Turanci ta gaya masa shi mijin banza ne, ba goro, ba sabulu, ta sake shi. Yaron ya fashe da dariya, ya ce ai ta tsufa, shi ma sabuwa zai nema. Ba wanda ya waiwayo ni. Yaya Sale ya juya ya fita waje, na san hawaye ne suka fitar da shi.

Yanzu nakan ce da Iya na nan, me za ta ce da wayoyin yau, masu fassara magana nan take? Ina jin za ta yaba, ta kuma ƙi. Cewa za ta yi ba a aiken ɗan aike ya yi wa mutum dariya. Amma da ta samu wadda ake ganin fuska, da Kamal bai huta ba.

Iya ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Kamal ta bari. Yau ya zama cikakken mutum, kuma da wayarsa yake koyon Hausa, yana turo mini saƙon murya ina gyara masa. Kowace shekara war haka yakan aiko da ƙwaryar goro a raba sadaka. Bana ma ta iso, da saƙonsa cikin Hausarsa mai ɗingishi: "Gwaggo, ga goron matata. A ce mata ban yi sabuwa ba."

Allah Ya jiƙan Iya, Ya kai haske kabarinta.