Malam Gado, Wanda Ya Rataya wa Kansa Ƙahon Akuya

Allah Mai bayarwa Ya karɓi abinsa. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 1958, da hantsi, wani direban babbar mota ya tsaya ƙofar lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ta garin Yelu ya ce mini Malam Gado ya rasu a Gaya, bayan jinyar kwana tara. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga aji sai in fito, in na fito sai in koma.

Malam, shekara goma sha ɗaya ke nan da na zauna gabanka a Gaya. Lokacin duk wanda ya yi Hausa ko Dandanci a harabar lakwal, ƙahon akuya ake rataya masa a wuya, ya sha bulala da maraice. Saboda haka muka iya shiru fiye da Faransanci.

Abokin zamana a benci Cha'ibu ne, ɗan masunta daga Tunuga, wanda aka kawo ba da son ransa ba. Bai jin Faransanci ko kaɗan, mu kuma muna masa dariya, ba ma sa shi cikin wasa. Na ga ya daina cin abinci. Na ga ya daina ɗaga kai. Ran nan ya miƙo mini allonsa da fatsarsa, ya raɗa mini cewa ba zai ƙara bukatarsu ba. Na so in gaya maka, amma ban san yadda ake faɗin haka da Faransanci ba, ƙahon kuma ina tsoronsa.

Washegari ya faɗa gulbi, ruwa ya cika, wai zai ƙetare zuwa Dahome. Sarkawa suka tsamo shi da sauran numfashi.

Ba ka doki kowa ba. Ka ciro ƙahon daga wuyan mai shi, ka rataya a naka, ka yi mana Hausa karo na farko:

"Wa ya ga alama? Ku gaya mini, ƙaho yana wuyana."

Mu bakwai muka ɗaga hannu. Ka daɗe kana kallonmu, sannan ka ce, "Daga yau, wanda ya ga ɗan'uwansa ya sauya, ya zo ya faɗa da harshen da uwarsa ta koya masa. Kuma kada in sake ganin mai cin abinci shi kaɗai."

Kai da kanka ka zauna ƙasa ka ci akushi ɗaya da Cha'ibu har ya murmure. Mai duba makarantu ya zo daga Yamai ya tarar da kai da ƙaho a wuya, ya rubuta abin da ya rubuta, ba a sake yi maka ƙarin girma ba. Ba mu taɓa jin ka ambaci zancen ba. Cha'ibu yau yana aikin allura a asibitin Doso, da 'ya'yansa biyu.

Yanzu ni ke da ajin kaina, yara arba'in da shida, kuma ban tabbata ina ganin rabin abin da kake gani ba. Akwai wata Kadija a bencin baya, kwana uku ba ta ce uffan ba. Jiya na tambayi abokan zamanta da Hausa. Suka dubi juna, sannan ɗaya ta buɗe baki ta fara gaya mini abin da ke damun ta.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Zuwera matar Malam, ke da yara da dukan dangi na Gaya da garin Bana, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma a yi mana gaisuwa, uba muka rasa.